Hawan dutse da igiya a Abzin: in bi tsohon nan ko in haƙura?

Sani Damagaram: Salamu alaikum. Akwai wani dattijo Ba'abzine a Agadas da ya daɗe yana kai Turawa hawan duwatsu, kafin tawayen 2007 ya kori baƙi. Ya ce zai koya mini hawa da igiya a gefen tsaunin Bagazam cikin Disamba, kwana goma, mu uku da jakuna. Damuwata igiyoyinsa, tun na wancan zamanin ne, suna cikin akwatin ƙarfe. In amince da su ko in nemo sabuwa?

Mai Shayi: Ka tafi da bargo biyu. Ƙololuwar wurin mita 2,022 ce, babu inda ya fi ta tsawo a Nijar. Da asuba ruwan alwala yanka hannu yake.

Ɗan Birni: Duk duwatsun da Allah ya zuba mana a Zinder ba su ishe ka ba? Fara da hasumiyar masallacin Agadas, mita 27 ce, kuma da matakala.

Yaya Rabi: Ƙanena, ka ji ta bakina. Autanmu ya je, shi ma da wani tsoho da kowa ke yabo. Igiya ba ta tsinke ba. Dutsen ne ya ɓare a hannunsa, ɓawo kamar na albasa, don rana ta gasa shi dare ya sanyaya shi shekara da shekaru. Ya sauko kan ƙafa ɗaya, idon sawu ya karye. Babu rezo, babu mota. A kan jaki aka sauko da shi, an ɗaure ƙafar da rawani da sandar tanti, yana suma yana farfaɗowa. Direban da aka samu wajen Tabelot da ya ga halin da ake ciki sai ya ninka kuɗi. Har yau da ɗingishi yake tafiya, aikin gini kuwa ya gagare shi.

Sani Damagaram: Allah ya ƙara masa lafiya, Yaya. Tsohon fa, me ya yi?

Yaya Rabi: Gaskiya shi ya ɗaure ƙafar, kuma bai karɓi ko dala ba. Amma ba shi ke ciyar da 'ya'yan ba.

Injiniya: Mu koma kan tambayar. Igiyar hawa ta nailan ce, masu yin ta da kansu suna cewa ko ba a taɓa ta ba kada ta wuce shekara goma. Balle wadda ta sha zafin Agadas cikin ƙarfe. Ka ɗauki ilimin tsohon, igiyarsa a ɗaure jaki da ita. Ka sayi hular kwano kuma.

Ag Tamgak: Kai da ka koyi hawa a bangon roba cikin ɗaki a Faransa za ka gyara wa wanda ya san kowace rijiya daga Timiya zuwa Iferwan?

Injiniya: Sanin rijiya daban, shekarun igiya daban, malam.

Mai Shayi: Mota nawa ya ce maka? Mu jikka 50 muka biya kat-kat a yini.

Ag Tamgak: Yaushe? Bara jikka 90 aka ce mini, ban da isansi, ban da 'yan rakiya. Kuma kada ka fita gari ba ka sanar da hukuma ba.

Ɗan Birni: Jakin dai nawa ne? Shi na ga ya fi kowa amfani a labarin nan.

Mai Shayi: Tun da zinariyar Jado ta ɓullo a 2014 direbobi suka daina ganin mutum da gashi. Wanda zai kai lodi wurin haƙa ba zai tsaya yana jiranka a gindin dutse kwana goma ba.

Yaya Rabi: Ku bar ta direbobi, hanyar Tawa zuwa Agadas fa? Uranium ɗinmu ta nan ya yi ta wucewa, amma ramukan sai da suka fasa mana taya biyu ran da muka je ɗauko autanmu.

Sani Damagaram: To igiyar, a Yamai ake samu ko sai an aiko daga waje?

Ag Tamgak: Taya biyu kawai? Yaya, kin yi sa'a.