Tambaya: NANDA za mu saka a manhajar asibiti ko a bar mu da rubutu?

Maman Sadik:
Assalamu alaikum. Asibiti zai bar fayil ɗin takarda ya koma kwamfuta. Likitoci suna da ICD, wato jerin lambobin cututtuka na duniya, nasu ya ƙare. Mu nas-nas fa? A bar mana akwatin rubutu kawai, ko a saka NANDA ɗin da muka karanta a makaranta, wato jerin sunaye da lambobin matsalolin majinyaci da nas ke ganowa?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwatin rubutu kaɗai ba zai fisshe ku ba. Ɗauki gyambon kwanciya: mai aikin safe ta rubuta "fata ta yi ja", ta rana ta ce "ta saluɓe", ta dare ta ce "ciwo a ƙugu". Kwamfuta ba ta san majinyaci ɗaya da matsala ɗaya ake nufi ba. Ranar da aka ce a ƙirgo masu gyambon a wata guda, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kuma NANDA ba ta tafiya ita kaɗai, tare take da wasu jeri biyu, NIC da NOC. Ita ke faɗin matsalar, misali 00046, lalacewar fata. NIC ke faɗin abin da aka yi, 3520, kula da gyambon. NOC ke auna sakamako, 1101, lafiyar fata, da maki 1 zuwa 5, inda 1 ne mafi muni. Idan an kwantar da mutum yana kan 2, aka sallame shi yana kan 4, aikinku ya fito fili.

Injiniya_Manhaja:
Ranki ya daɗe, ku tambayi kamfanin da zai girka muku abu biyu kafin a sa hannu. Lasisi: NANDA, NIC da NOC duk masu haƙƙin mallaka ne, ba a kwafe su daga littafi a zuba a manhaja haka nan. Sai bugun littafin, don lambobi na canzawa. A bugun NANDA na 2021 an cire 00155, haɗarin faɗuwa, aka raba ta: 00303 ta manya, 00306 ta yara. Manhajar da ba ta ajiye shekarar bugu tare da lamba ba, rahoton bara da na bana ba za su haɗu ba. In kuna son musayar bayanai da wasu asibitoci, ku duba ICNP, jerin kalmomin aikin nas na ƙasa da ƙasa, wadda aka shigar cikin SNOMED CT, babban kundin kalmomin lafiya na kwamfuta, a 2021.

Anti Nas:
Ni dai kada a zuba mana jerin gaba ɗaya. Nas ɗaya da gadaje cike ba za ta tsaya lalube cikin ɗaruruwan kalmomi ba, ta farkon da ta gani za ta danna. Kowane sashe ya zaɓi kamar 20 da ya fi cin karo da su. A haɗa da ma'aunin Braden na haɗarin gyambon kwanciya, mai maki 6 zuwa 23: da ya sauko 18, manhaja ta tuna juya majinyaci duk awa biyu. A bar ƙaramin gurbin rubutu don faɗin gyambo, zurfinsa da warinsa. A kuma buga fom mai lambobin nan a ajiye, saboda ranar da aka ɗauke wuta.