Neman kalma: me za mu kira "rationing" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana neman kalmar da za ta ɗauki tsarin da Amurka ta bi a Yaƙin Duniya na Biyu, bayan harin da Japan ta kai wa sansaninta na Pearl Harbor a Disamba 1941, lokacin da mutum ba ya iya sayen sukari ko fetur sai da takardar gwamnati. Aro ba zai yiwu ba, domin in muka Hausantar da ita "rashin" za ta fito, mai karatu ya ɗauka babu ake nufi. Ko "rabo" za ta yi?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Rabo ba za ta yi ba, Malam. Bahaushe in ya ji rabo, kyauta ya ji, alhali a can da kuɗinka za ka saya. Takardar izini ce kawai. Taya aka fara taƙaitawa a Janairu 1942, saboda Japan ta mamaye yankunan da roba ke fitowa. Sukari ya biyo a Mayu, rabin laba ga kowane mutum a mako. Fetur kuwa ya game ƙasa a Disamba: mai alamar A a gilashin mota galan 3 zuwa 4 a mako, likita mai alamar C ya fi haka samu. Ba man ne ya yi ƙaranci a ko'ina ba, tayar ake tattali, shi ya sa aka hana wuce mil 35 a awa.

Hajiyar Kasuwa: To ku ce "tsimi" mana.

Malamin Tarihi: Hajiya, tsimi ganin dama ne. Wannan doka ce, har da hukunci.

Tsohon Akawu: Allah gafarta Malam, iri biyu ne, kalma ɗaya kuwa dole ta rufe su. Na farko tikiti ɗaya, awo ɗaya, kamar sukari da gahawa (laba guda a mako 5). Na biyun ya zo a Maris 1943, shi ne na maki. Kowa yana da maki 48 na shuɗin tikiti a wata don abincin gwangwani, da kimanin 64 na jan tikiti don nama, man shanu da cuku. Kowane kaya farashi biyu ke gare shi, na kuɗi da na maki, hukuma kuma tana ɗaga makin abin da ya yi wuya. A gaban mai kanti ake yage tikitin, wanda aka zo da shi a yage ba ya karɓuwa, don kada a riƙa cinikinsa. Matsalar canji ta dame su, sai a 1944 aka fito da 'yan ƙwandaloli ja da shuɗi masu maki ɗaiɗai. Uwargida ma in ta tara laba ɗaya ta kitsen suya ta kai wa mahauci, ta samu jan maki 2, saboda ana haɗa abin fashewa da shi. Duk da haka nama ya gudu kasuwar bayan fage, jabun tikitin fetur ya yi yawa. Ni dai "ƙayyade saye" nake gani.

Hajiyar Kasuwa: Ba za ta rikice da ƙayyade farashi ba? Kunne ya saba da waccan.

Tsohon Akawu: Ai gara su yi kama, Hajiya. Hukuma ɗaya ce, OPA, wato ofishin kula da farashi na gwamnatin Amurka, ta riƙe duka biyun. Ɗaya ta ce nawa za ka biya, ɗaya ta ce nawa za ka ɗauka.

Mai Fassara: Madalla. An tsaya a kan "ƙayyade saye". Abin da ya faɗo wa kowane mutum "kaso", littafin "littafin kaso", sai "tikiti" da "maki". Tikitin da Turanci "stamp" ne, amma kan sarki mu bar wa gidan waya.