Masu gidan abinci, ya kuke yi da zafin nan ne dan Allah?

Maman yara T/Wada ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Muna da ɗan gidan abinci a Tudun Wadan Zariya, ba wani babba ba ne, benci huɗu da tebur biyu, ni ke girki da ƙanwar maigidana, shi kuma ya yo mana cefane da sassafe kafin ya wuce wajen aikinsa, yara in sun taso makaranta su kama wanke-wanke da kai ma masu shaguna abinci. Lokacin sanyi alhamdulillah ba mu da matsala, amma da an shiga watan 3 har zuwa saukar ruwa sai lissafi ya ƙi fita. Miyar da na gama ƙarfe 10 kafin la'asar ta fara kumfa, shinkafa da wake in ta jima a kula sai ta yi gumi ta fara yauƙi, tuwo kuwa da rana ko kallonsa ba a yi, kowa ya shigo abu mai sanyi yake tambaya. To shi ma mai sanyin ga yadda muke ciki, shekaranjiya na yi kunun aya roba 40, wuta ta ɗauke tun dare firiza ta saki, kafin azahar 15 sun yi tsami har wata roba ta kumbura, haka na zubar ina ji ina gani, ga aya da dabino ba arha ba. Kicin ɗin namu rufin kwano ne ba silin, wlh wani lokacin in na tsaya gaban murhu sai na ji jiri. Maigida ya ce mu daina kunun ayan kawai, ni kuma ina ganin shi ke jawo mana mutane. Ya kuke yi ne?

Ɗan Samaru ya rubuta:

Wa'alaikis salam Hajiya. Mu ma sana'ar gidanmu kenan, kusa da jami'a muke, kuma duk abin da kika lissafa mun sha shi. Abin da ya cece mu shi ne mun daina girkin yini guda a tukunya ɗaya. Da tiya 6 muke zubawa da safe, yanzu 3 da safe 3 bayan azahar, eh gawayi ya ƙaru kuma mahaifiyarmu ta yi ta mita da farko wai aiki biyu ne, amma da muka auna abin da muke zubarwa a da sai muka ga gawayin bai kai rabinsa ba. Miya kuma kar ki juye ta a kula ki rufe, ki bar ta a tukunya kan garwashi kaɗan tana ɗan motsi, miyar da ke kan wuta ba ta lalacewa, wadda ta huce ta zauna ɗumi-ɗumi ita ce ke juyawa. Tuwo ki mayar da shi na yamma zalla daga bayan la'asar. Da rana ki sa abin da ba ya nauyi, dambu da zogale, kwaɗon rama ko na zogale, ɗanwake, taliya da manja da yaji, ki yanka kokwamba da albasa a kai. Ɗanwake ma daɗinsa sai an zo ake sakawa, babu ragowa. Mu namu ciwon kan daban ne, in ɗalibai suka tafi hutu sai ka rantse an yi shara a Samaru.

Inna ta cikin Birni ta rubuta:

Ɗiyata kar ki bari ya hana ki kunun ayan nan, ki dai gyara hannu. Na fi shekara 20 ina yi. Na farko inji, in kika kai niƙa bayan an gama niƙa wake ko gero a ciki ba a wanke ba to tun a wajen ya lalace, ki zama ke ce ta farko da asuba, ki tsaya a kansu su wanke a gabanki ko da za su ɓata rai. Na biyu ki tsince ayan ki wanke shi sosai, kar ki jiƙa ya kwana a wannan zafin, kuma ki niƙa da ruwan ƙanƙara saboda injin kansa zafi yake ɗauka. Na uku kwakwa, na san tana ƙara gardi amma ita ke saurin kashe shi, lokacin bazara ni cire ta nake yi gaba ɗaya, dabino da citta da ɗan kanumfari sun isa. Sai robobin nan da kuke saye a hannun yara, ruwan zafi da sabulu har murfin, ki kife su bushe.

Sannan roba 40 ya yi yawa ga wanda ba shi da tabbacin wuta. Ki yi 20 ya ƙare kafin azahar mutane su zo su rasa, gobe da wuri za su zo. Sauran ki cike da zoɓo da kunun tsamiya da lamurje, su suna da tsami a jikinsu, suna jure yini. Kuma ki ajiye randa a ƙofar shago da moɗa mai tsafta, wanda ya sha ruwan randa kyauta da rana tsaka ba ya mantawa da wajen. Ke ko fate ba ki yi ne? Ban ji kin ambata ba, a Zariya kuwa.

Bakano a Sabon Gari ya rubuta:

Hhhh na san sai an kawo fate cikin maganar nan. Inna a wannan ranar da kwalta ke narkewa mutum ya zauna ya sha fate da zafinsa? Zazzagawa Allah ya shirye ku. Hajiya ki nemi mai fura da nono ta riƙa zama gefen shagonki kawai, ciniki zai zo da kansa.

Inna ta cikin Birni ta rubuta:

Kai tafi can, ku da kuke cin gurasa a bushe kuna neman ruwa. Fate da yakuwa in ka sha ka yi gumi iska ta buge ka ai ka fi mai fanka jin daɗi.

Ma'aikaciyar jinya ta rubuta:

Anti sannu da ƙoƙari. Ni ta ɓangaren lafiya zan ɗan sa baki. Shinkafar nan da kika ce tana yauƙi dan Allah kar a ɗumama a sayar, kar kuma a ba yaran gida wai don kar a yi asara. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a shinkafa wadda dahuwa ba ta kashe ta duka, in abincin ya huce ya zauna da ɗumi sai ta hayayyafa ta saki guba, ita kuma gubar ko an sake tafasawa tana nan, shi ne za ki ga amai da gudawa bayan 'yan awoyi. Ƙa'idar da aka koya mana ita ce dafaffen abinci kar ya wuce awa 2 a ajiye ba kan wuta ba ba cikin sanyi ba, in zafin gari ya haura digiri 32 ma awa 1 ne, mu kuwa a watan 4 muna dosar 40. Shawarar Ɗan Samaru ta girki sau biyu ita ce daidai. Ƙanƙarar da kike saye kuma ki bar ta cikin ledarta ki jera robobin a gefe cikin kula, kar ki fasa ki zuba cikin zoɓon, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Kayan miya da ganye kuwa ki gwada randa cikin randa. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi ki jiƙa, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu ki ajiye a inuwa inda iska ke bi, safe da yamma ki ƙara ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin cikin. Wani malami ne daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar a ƙauyuka har ya samu kyautar Rolex a 2000. Yanzu da iska take a bushe ne take aiki sosai, in damina ta kankama sai ta rage. Ba firiza ba ce fa, kar ki sa nama ko kunun aya ki ce na ce. Jirin nan kuma ba abin wasa ba ne, ki riƙa shan ruwa tun kafin ƙishi ya kama ki, ku riƙa karɓa-karɓa da ƙanwar taku a gaban wuta, in da hali a fitar da murhun waje ƙarƙashin rumfa.

Mai kayan gwari ya rubuta:

Hajiya abin da ba wanda ya faɗa miki, ki yi tanadin tumatir yanzu. Na rani da ake kawowa daga fadamun Galma ya kusa ƙarewa, daga watan 5 zuwa na 6 kwando sai ya gagari mai gidan abinci, duk shekara haka ne, balle in tsutsar nan ta shiga gonaki irin 2016 da har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta ɓaci a kan tumatir. Ki sa Alhaji ya leƙa kasuwar Ɗanmagaji da sassafe ya ɗauko kwando biyu ko uku, ku yanka ku shanya kauɗa, ranar nan da ke damunki kwana kaɗan za ta busar miki da shi ƙarau. Tattasai ma haka. A kan tabarma ko leda mai tsafta dai, a sama, ba a ƙasa inda awaki ke bi ba.

Maman yara T/Wada ta rubuta:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka ma kowa da alheri. Yau kwana 4 kenan ina gwadawa. Kunun aya na koma 20 ba kwakwa, mai injin ya yi ta ƙunƙuni da na ce sai ya wanke amma ya wanke, kafin ƙarfe 1 ya ƙare tas har wani mai gyaran babur ya yi fushi wai ban ajiye masa ba. Girki biyun ne dai ƙanwar tawa ba ta so, ta ce bayanta, mun yi da ita ni zan riƙa yin na rana ita ta yi tuwon yamma. Murhu mun fitar da shi bayan shago, maigida ya kafa mana rumfar zana. Randa ɗaya na samu, ƙaramar ce ban samu daidai girman da zai shiga ba tukuna. Inna fate kuma ranar Juma'a in sha Allah, Bakano in ka zo kwanonka na nan. Mai kayan gwari kauɗan nan sai an barbaɗa gishiri kafin a shanya ko haka nan ake baza shi?