Fentin gyara ya ƙi sajewa da na bango

Maman Yara, Hotoro:
Assalamu alaikum. An cire ƙusoshin labule a falo, aka cike ramukan, aka shafa ragowar fentin da aka yi ɗakin da shi. Bokiti ɗaya ne, amma wuraren sun fito ɓaro-ɓaro. Me ya jawo haka, kuma yaya za a gyara?

Mai Fenti, Dakata:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bangon ne ya canza. Ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta da ranar da ke shigowa ta taga duk suna dusashe kala. Ɗaga hoto ko agogon bango, za ki ga asalin launin a bayansa.

A fara goge wurin da soso da ruwan sabulu kaɗan, a bari ya bushe. A juya fentin sosai har gindin bokiti, don launin can yake kwanciya. Filar da aka cike ramukan da ita ma tana da laifi: ta fi sauran bangon shan fenti, shi ya sa wurin ke fitowa a bushe ba sheƙi. A goge ta da sanfefa mai laushi, lamba 180 ko 220, a ɗora firama (fentin shimfiɗa da ake fara shafawa), sannan shafi biyu marasa kauri, awa 3 zuwa 4 a tsakaninsu. In da rola aka yi ɗakin, a sa ƙaramar rola. Buroshi yana barin layi. A fara daga tsakiya, a tafi gefe rolar na ƙarewa da fenti, don kada a ga iyaka.

Ɗan Kasuwa, Ƙofar Ruwa:
In ragowar ba ta isa ba, Hajiya, kada a zo da hoto a waya, kowace waya da irin kalar da take nunawa. A yanko ɓawon fentin kamar girman akwatin ashana daga bayan ƙofa ko gefen soket, a kai shagon da ke da injin haɗa kala. A duba sheƙin kuma: fentin ruwa na gama-gari ne, satin ne (mai ɗan sheƙi) ko mai mai? Kala ɗaya da sheƙi daban ba za su taɓa sajewa ba. A gwada a lungu, a bari ya kwana, don fentin ruwa yana ɗan ƙara duhu idan ya bushe. A kalle shi da rana, a kalle shi a hasken kwan lantarki.

Injiniya, Tarauni:
In fentin satin ne, ko bangon ya shekara biyu, ni ba na ba da shawarar ɗige-ɗige. A shafe fuskar bangon gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, ido ba ya kama bambanci a lanƙwasa. Bango mai mita 4 da tsayin mita 3, shafi biyu, lita 3 ta wadatar, galan ɗaya mai lita 4 ya isa ke nan. Amma in ƙasan bangon na kumbura yana fitar da farin gari bayan damina, danshi ne. Sai an tare ruwan tukuna, in ba haka ba sabon fentin ma zai ɓare.