Karɓar kyauta daga matalauta a filin bishara

Mai tambaya:
Salama gare ku, 'yan'uwa. A ƙasar da aka aike ni aikin bishara, masu bi waɗanda ke fama da abin da za su ci sukan kawo mini rabon abincinsu, har wata tsohuwa ta miƙo mini bargonta ɗaya tilo da sanyi ya shigo. Shin ya dace in karɓa?

Dattijon ikkilisiya:
Ɗana, ka karɓa. A 2 Korintiyawa 8, Bulus ya yaba wa ikkilisiyoyin Makidoniya saboda sun tallafa wa masu bi na Urushalima duk da tsananin talaucinsu, kuma su da kansu suka roƙi a ba su wannan dama. Mai ƙin kyautar talaka yana nuna masa cewa matsayinsa karɓa ne kawai.

Wata 'yar'uwa:
Gaskiya ne, Baba, amma batun bargon dabam yake, domin a Ayyukan Manzanni 4 ana rabawa ne gwargwadon bukatar kowa. Ɗan'uwa, ka ci abincin tare da su, sannan ka nemi shugabannin ikkilisiyar su kai wa tsohuwar wani bargo, ba tare da ta ji kunya ba.