Neman kalma: hoton da ke ƙara duhu in ya bushe

Malamar Hoto: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da wankin hoto baƙi da fari, ina shirya takardar darasi, sai dry-down ta tsaya mini. Wato hoton da aka buga a takarda zalla marar rufin roba, yana jiƙe ka gan shi tas, da ya bushe sai farar riga ta koma toka-toka. Me zan kira shi?

Ɗan Zariya: Dusashewa mana, Malama.

Tsohon Mai Wanki: A'a ɗana, wannan na hoton da ya koɗe ne. Nan duhu ƙaruwa yake. Jelatin, wato abin nan mai danƙo da ke fuskar takardar, kan kumbura in ya sha ruwa, ƙwayoyin azurfar da ke cikinsa, masu yin baƙin hoton, su yi nesa da juna. In ya bushe sai ya tsuke, su matsu, takardar ma ta ɗan motse, sheƙin ruwan kuma ya tafi. A wuraren haske abin ya fi fitowa. Mu a shago cewa muke hoto ya ciza.

Mai Kishin Harshe: Rinin iska! Ku je Ƙofar Mata, zane kan fito daga marina kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi. Kalma ga ta a gida.

Tsohon Mai Wanki: Malam, a marina iska ce ke sauya shi kansa baban rini. A hoto babu azurfar da ta ƙaru. Ka ce rini, yara su ɗauka magani ne bai gama aiki ba.

Ɗan Zariya: To a ari kalmar kawai, dirayidawun. Fim da kyamara ma ai aro ne.

Mai Kishin Harshe: Wannan lalacin ne ya kai mu inda muke. Kullum Bature ya raɗa suna, mu ce amin? Kakanninmu sun san launi tun ba a ƙera kyamara ba.

Ɗan Zariya: Ranka ya daɗe, da wayar Bature kake rubuta wannan.

Mai Kishin Harshe: Wayarsa ce, harshena ne.

Malamar Hoto: Don Allah a dawo, lokaci ya ƙure mini. Baba, ya za su kauce masa?

Tsohon Mai Wanki: 'Yata, su busar da guntun gwaji kafin su yanke hukunci. Ansel Adams, mai ɗaukar hoton nan na Amurka, a maikurowef yake busar da nasa. Galibi akan rage lokacin haska takarda da wajen kashi 10 cikin 100, amma kowace takarda da halinta, sai an gwada. Kada kuma su duba jiƙaƙƙen hoto a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, ruɗinsu za ta yi.

Malamar Hoto: Na gode, Baba. Zan sa "duhun bushewa" a kanun darasi, a baki mu ce ya ciza.

Mai Kishin Harshe: Ba ta da armashi, amma ta fi dirayidawun. Ni dai rinin iska zan ci gaba da cewa.

Ɗan Zariya: Jelatin ɗin fa, an samo masa suna?