Neman kalma: dabbar tekun nan mai nutso da ke kafewa a gaɓa

Zainabu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gobe da ƙarfe 4 na yamma zan naɗi shirin kimiyya a gidan rediyonmu nan Yamai, rubutun kuma da Faransanci aka ba ni. Kalmomi huɗu sun tsaya mini a wuya: cachalot, baleine à bec, échouage, migration. Zancen manyan dabbobin tekun nan ne masu nutso can ƙasa, abin da suke ci, da dalilin da ya sa ake wayar gari a gan su kwance a gaɓa. Ku taimaka kafin dare ya yi.

Abdu: Wa alaikumus salam. Babban kifi. Kowa ya san kifin Annabi Yunusa, magana ta ƙare.

Zainabu: Yaya Abdu, rubutun da kansa yana cewa ba kifi ba ce. Da huhu take numfashi, haihuwa take yi, tana shayar da ɗanta nono. In na ce kifi a farkon shiri, kafin tsakiya sai na ƙaryata kaina.

Sani: Giwar ruwa fa?

Hajiya Mariyama: Giwan ruwa yana nan kan tire a kasuwa, ana sayar da shi kilo-kilo. Ki ce ya yi nutson mita dubu biyu ki ji dariyar masuntan Gamkalle. Mai shayarwa a kogin nan namu ayu ne, shi ma yana tasowa shan iska, sai dai ayu ciyawa yake ci, kuma ba danginsu ɗaya ba.

Mushe Idi (Tawa): Ku dakata, ni na daɗe da wanga tunani. Hausa na da awonta na suna: mai mantuwa Mantau, mai makara Makarau. To mai nutso hwa? Nutsau. Wata baleine à bec, wadda Turawa sunka laƙa ma sunan Cuvier, an liƙa mata na'ura a gaɓar Kaliforniya ta Amurka, anka iske ta kai mita 2,992, an buga sakamakon a 2014. Wata kuma wajen Karolina ta Arewa ta yi minti 222 ƙarƙashin ruwa da lumfashi guda, awa ukku da minti 42 ke nan. In wagga ba Nutsau ta ba, a gaya mani wa ya cancanci sunan.

Malam Haruna: Mushe, ba a ƙirƙira inda aka gaji suna. Cachalot ita ce anbar. Yana cikin Bukhari da Muslim: rundunar Abu Ubaida ɗan Jarrah, mutum 300, yunwa ta kai su ga cin ganye a bakin teku, sai teku ya jefo musu wata dabba da ake kira anbar, suka yi kusan rabin wata suna ci. Abu Ubaida ya kafa ƙashin haƙarƙarinta, mutum a kan raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi. Har yau Larabawa da sunan anbar suke kiran cachalot. Duk almajirin da ya yi nisa a karatu ya san kalmar.

Mushe Idi (Tawa): Allah gafarta Malam, wannan Larabci na. Mun guji Faransanci mun hwaɗa Larabci, ina ribar?

Malam Haruna: Kai da ake kira Mushe, kalmar Faransanci, kake zancen tsarkin harshe? Littafi da alƙalami da kake koyarwa da su daga ina suka zo?

Sani: Ni dai na ga ƴan Najeriya a Facebook suna rubuta kifin wel, kuma ana gane su.

Mushe Idi (Tawa): Ga ta nan. Kullum sai mun jira Kano ta yi atishawa. Su sunka ari ta Ingilishi, har da kuskuren kihi a ciki, mu kuma mu ara daga gare su? Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ita ta harshen ƙasa a Nijar. In ba mu iya raɗa ma dabba guda suna ba, mi za mu yi ranar da anka ce a juya littafin kimiyya na lakwal baki ɗaya?

Abdu: Mushe, Hausar Adar ma in ka saka ta a rediyo rabin Yamai sai sun nemi tafinta.

Mushe Idi (Tawa): Laihin kunnuwan Yamai na.

Zainabu: Don Allah ku bar Kano da Adar su huta. Ko sunan ban samu ba, ga échouage tana jira.

Malam Haruna: Ai na riga na ba ki. Teku ya jefo ta.

Dakta Musa: Sannunku. Ni likitan dabbobi ne, raƙumi da saniya na sani a hannu, amma na karanta wannan fanni. Malam, jefowa ta dace da gawa, kamar ta hadisin, wadda ta mutu a ruwa igiya ta kawo ta. Amma da yawa da ransu suke shigowa ruwa mara zurfi, ruwan ya janye ya bar su. A ruwa ba sa jin nauyin jikinsu, a kan yashi kuwa nauyin ne ke danne huhu da sauran kayan ciki, kitsen da ke kare su daga sanyi ya koma dafa su. A Janairu da Fabrairun 2016 cachalot 30 suka mutu haka a gaɓar Tekun Arewa, tsakanin Jamus, Holan, Ingila, Faransa da Denmak. Kudancin tekun nan galibi bai kai zurfin mita 50 ba, ga dabbar da ta saba farauta a mita dubu. Can ƙasa duhu ne, ba da ido take gani ba: ƙara take fitarwa, ta saurari amon da ya dawo. Ana zaton gaɓa mai yashi da ke gangarawa a hankali ba ta mayar mata da amon sosai.

Hajiya Mariyama: To ai wannan kafewa ce. Kwalekwale yana kafewa a yashi in kogi ya ja baya a watan Mayu, mota tana kafewa a rairayi. Ba wanda ya jefo su.

Abdu: Sai dai a kula da baki. Abokin aikin Zainabu in ya karanta ƙafewa maimakon kafewa, mai sauraro zai ɗauka tekun ne ya ƙafe.

Zainabu: Ni zan karanta da kaina. Zan ce kafewa a gaɓa, in gawa ce kuma in ce teku ya jefo. Dakta, rubutun ya kawo zancen jiragen yaƙi, gaskiya ne?

Dakta Musa: Ga masu dogon bakin nan, wato baleine à bec, e. A Satumban 2002 guda 14 suka kafe a tsibiran Kanari, yamma da Maroko, daidai lokacin atisayen sojan ruwa na ƙawancen NATO da ke amfani da na'urar sona, mai aika ƙara cikin ruwa don gano jirgin ƙarƙashin teku. Da aka feɗe su an ga kumfar iska a jijiyoyi da kayan ciki, irin abin da ke samun ɗan nutso in ya taso da gaggawa. A 2004 Sifaniya, mai mulkin tsibiran, ta hana amfani da na'urar a kewayensu. Amma kada ki ɗora komai a kan soja. Akwai ciwo, akwai yunwa, akwai leda: a 2019 an ciro kilo 40 na leda daga tumbin wata irinsu a Filifin.

Mushe Idi (Tawa): Dakta ya ce masu dogon baki. Ba haka ba. Nutsau mai bakin dinya, don bakinta kama da na dinya ya ke.

Sani: Abincinsu fa? Na ga calmar a hoton da Zainabu ta turo.

Dakta Musa: Ita ce babban abincinsu. Halitta ce mai laushin jiki, ba ƙashi, hannuwa goma, tana fesa baƙin ruwa kamar tawada in ta ji tsoro. Bakinta yana da tauri, ba ya narkewa, shi ake tararwa dubbai a tumbin cachalot, da shi ake gane abin da ta ci da yankin da ta yi kiwo. Malam zai ji daɗin wannan: anbar ɗin turare a hanjin cachalot yake samuwa, kuma sau da yawa ana ganin waɗannan bakuna a cikinsa.

Malam Haruna: Alhamdu lillahi. Dabbar da ke ba da anbar, sunanta anbar, ina abin musu?

Zainabu: Calmar zan ce mai tawada, in bayyana ta sau ɗaya. Saura migration. Ƙaura?

Hajiya Mariyama: Mai ƙaura ba lallai ya dawo ba. Hijira kuma ta yi nauyi.

Dakta Musa: A wajen cachalot ba duka ke tafiya ba. Mata da ƴaƴa suna zaune a ruwa mai ɗumi duk shekara, samari ne ke barin dangi su nufi ruwan sanyi inda abinci ya fi yawa, sai sun manyanta suke dawowa neman mata. Talatin ɗin nan na 2016 duka maza ne matasa.

Abdu: Wato ƴan Adar ne. Maza Abijan, mata gida. Ki rubuta cin rani kawai.

Mushe Idi (Tawa): Za mu gamu, Abdu. Amma cin rani na bin rani, su kuwa shekaru su ka yi.

Abdu: Naku ma akwai mai shekara bakwai bai leƙo ba.

Zainabu: Ga abin da na rubuta. Farko: manyan dabbobin teku masu shayarwa, waɗanda wasu ke kira kifin wel ko da yake ba kifi ba ne. Cachalot: anbar. Baleine à bec: mai bakin dinya. Kafewa a gaɓa. Tafiye-tafiyen neman abinci, cin rani kuma sau ɗaya, wajen bayanin mazan. Mushe, Nutsau zan saka ta a matsayin kirari, inda na kawo mita 2,992.

Mushe Idi (Tawa): Kirari? Kin ɗauki bakin dinyata kin yar da kan. To ki hwaɗe ta sau biyu aƙalla, kuma da babban baƙi.

Zainabu: Mushe, rediyo ne.

Malam Haruna: A kula dai, anbar da nun ake rubuta ta, ko da baki zai furta mim.

Sani: Shi dauphin fa, in mai sauraro ya bugo waya ya tambaya?

Zainabu: Ba ya cikin rubutun gobe. Ku buɗe masa nasa zauren, ni na tafi aunin minti.